Surukina da Direban da 'Yarsa Ta Bari

Da aka dawo daga maƙabarta aka baza tabarmi a ƙofar gidansa da ke Unguwar Tudu a Gwarzo, sai na rasa wurin zama. 'Ya'yan ƙannensa sun jeru a gaba suna karɓar gaisuwa. Tsofaffin abokansa sun jingina da katanga, kowa da carbinsa. Ni kuwa ina tsaye riƙe da takalmina. Surukinsa ne ni, amma 'yar da ta haɗa mu ta riga shi komawa ga Allah da shekaru, kuma ba ta bar baya ba. A wajen mutane, zumuncin ya ƙare tun ranar da aka kai ta. Na samu bakin tabarma kusa da butoci na raɓe.

Daga nan nake jin abin da kowa yake faɗa a kansa. Liman ya ce bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa shi a sahun gaba ba. Wani tela ya ce shi ya tayar masa da keken ɗinkinsa na lantarki bayan masu gyara a Kano sun ce sai dai a jefar. Wani dattijo da ya zo daga birni, wanda suka yi aikin wayar tarho tare, ya ce a zamaninsu in layi ya mutu tsakanin gari da gari, shi ake tasowa. Can sai ga wani manomi daga wajen Kara ya jingine babur ɗinsa, ƙafarsa duk taɓo. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago, abin da ya ce shi ne, "Yanzu in famfo ya tsaya, wa za mu kira?" 

Wani mutum da ke kusa da ni ya karkato ya ce, "Wai da gaske ne a ƙarshen rayuwarsa ya koma harkar mota? Na ji ana cewa kullum yana ɗaki yana fama da direba."

Na ce, "Ba direban mota ba ne, Alhaji. Wani aiki ne na kwamfuta."

"Allah sarki. Kai kuma daga ina?"

"Daga Kabo."

"Ka kyauta da ka zo. Yaronsa ne a wajen aiki?"

Na ce e, domin hakan ya fi sauƙin faɗa.

Duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Amma shekarunsa na ƙarshe, mutum biyu ne kawai suka gan su da ido: ni da yayarsa, wadda muke kira Goggo, da take riƙe masa gida tun bayan rasuwar matarsa. Goggo ta tsufa ƙwarai, kuma ba ta taɓa gane abin da muke yi a ɗakin nan ba. In ban rubuta ba, babu mai rubutawa.

Baba nake kiransa, kamar yadda 'yarsa take yi. Dogo ne siriri, ba ya son hayaniya. A aljihun rigarsa na dama akwai 'yar mitar awon wuta, wayoyinta biyu, ja da baƙa, a naɗe da roba. Ko ɗaurin aure zai je tana nan. Kafin ya taɓa kowace na'ura sai ya dafa ƙofar ƙarfe tukuna, wai don wutar da ke jikinsa ta sauka. Bai cika cewa abu ya lalace ba. Cewa yake, "Bai samu abincinsa ba ne." Yana da magana guda da yake maimaitawa har yaran unguwa suka haddace: "Wuta kamar gishiri ce. In ta yi kaɗan, lami. In ta yi yawa, sai a zubar da tukunyar."

'Yarsa ita ce ta fari, kuma ita kaɗai ta rayu. Saboda kunyar ɗan fari, bai taɓa faɗin sunanta ba. In yana magana da Goggo, "yarinyar nan" yake cewa. In da ni ne, sai ya ce "mutanen gidanka". Ta tashi a gindin teburinsa tana tsince masa guntayen waya, ta yi karatun kwamfuta, muka haɗu a wani ƙaramin wurin aiki a Kano inda ake haɗa allunan da ke sarrafa famfon sola na ban ruwa. Allon bai wuce tafin hannu ba, amma ƙaramar kwamfuta ce sosai. Sassan da ke kansa kowanne da irin wutar da yake ci: wani bolt uku da ɗigo uku, wani ɗaya da ɗigo takwas, wani bai kai haka ba. Akwai wani ɗan guntu baƙi kamar ƙwayar wake da ke karɓar wutar batir ya raba wa kowa daidai bakinsa. Shi muke kira regileta. Shi kuwa ba ya sanin nawa zai ba wa sai an gaya masa. Mai gaya masa ita ce uwar manhajar allon, wadda ake kira kanel, ta hanyar wani rubutu da ake ce wa direba. Wannan rubutun shi ne aikin matata. Ni aikina zana allon ne da haɗa shi.

Ta yi nisa a rubutun, sai ciwo ya kama ta a tsakiyar damina. Bai daɗe da ita ba.

Bayan arba'in na tattara kayanta na kai gidan mahaifinta. Goggo ta karɓi akwatuna tana kuka. Baba bai taɓa komai ba sai wani kwali da na ajiye a gefe, wanda na zuba kwamfutarta da alluna a ciki.

"Wannan fa?"

Ina durƙushe na yi masa bayani. Na ce aikin da ba ta ƙarasa ba ne, kuma wurin aikin namu ya koma sayen allunan waje, ba mai buƙatarsa yanzu. Ya ɗauki allo guda ya kai kusa da ido, ya juya shi. Ya nuna wani ɗigon dalma da farcensa.

"Hannunta ne nan."

Na ce, "Ita ce, Baba."

Ya mayar da shi cikin kwalin a hankali. Ya ce, "Ranar Asabar ka zo ka koya mini."

A lokacin ya haura saba'in.

Wanda bai san kunyar suruki ba ba zai gane wahalar makonnin farko ba. Ta yaya zan ce masa ya yi kuskure? Ta yaya zan zauna kafaɗa da kafaɗa da mutumin da ko ido ba na haɗawa da shi? Ranar farko a durƙushe na yi ta nuna masa fuskar kwamfuta daga ƙasa, har ƙafata ta mutu. Ya dube ni ya ce, "In kana nan ƙasa wuyana ne zai karye. Hau benci." Na hau, amma a can ƙarshe. In ya rubuta abu ba daidai ba sai in yi gyaran murya in ce, "Wataƙila injin ne bai gane ba." Rannan ya ajiye tabarau ya ce, "Injin ya gane sarai. Ni ne ban gane ba. Ka riƙa faɗa mini kai tsaye, lokacin kwana-kwana ya wuce mini."

Abinci ne ya fi ba ni wuya. Goggo za ta kawo kwano ta ajiye a bakin ƙofa, in ce na ƙoshi, alhali tun safe na baro Kabo ban karya ba. Bai taɓa matsa mini ba. Amma daga mako na biyu, da an ajiye kwanon sai ya miƙe ya ce zai duba akuyoyi. Akuyoyin guda biyu ne, kuma babu abin da ke damunsu. Yakan daɗe a wajensu, kafin ya shigo kuma sai ya yi tari. Haka ya yi ta yi har ƙarshen rayuwarsa, bai taɓa ganin ina tauna ba.

Da yatsa ɗaya yake buga rubutu. Turancin ofis yana da shi, don haka takardar bayanin regiletan ba ta gagare shi ba. Yakan bi ta da ɗan yatsa layi-layi, leɓensa yana motsi. Abin da ya gagare shi shi ne yarda. Na nuna masa inda 'yarsa ta rubuta wa kowace hanyar wuta iyakarta ta ƙasa da ta sama, don kada kanel ya taɓa neman abin da zai ƙona wani sashe. Ya ce lamba a fuskar gilashi ba wuta ba ce. Na ce ya canza ta ya gani. Ya goge lamba ɗaya ya sa wata, muka loda wa allon, ya ɗora bakin wayoyin mitarsa. Mitar ta nuna abin da ya rubuta. Ya sake canzawa, ya sake aunawa. Ya jingina da bango.

Can ya ce, "A zamaninmu, kafin ka sauya wannan sai ka narka dalma, ka cire abu ka sa wani. Wato yarinyar nan da rubutu take juya wuta." Ya cire hula ya shafa kai. "Ta sha gaya mini. Ina cewa to, to. Ban san haka take nufi ba."

Daga ranar ya kama aikin da gaske. Abin da ni ban sani ba shi ya sani: wuta ba ta tsayawa daidai nan take in an kunna ta, sai ta ɗan yi rawa kafin ta zauna, kuma rawar tana canzawa da zafin gari. Ya riƙa fitar da allo tsakar gida da tsakar rana, ya ɗora shi kan kwanon rufi, ya auna, ya dawo ya gyara lokacin da kanel zai jira kafin ya saki kowane sashe ya fara aiki. Goggo ta ce mini, "Ɗan nan, ka ga ƙanena yana shanya ƙarfe kamar kuɓewa."

Sau ɗaya muka yi faɗa, kuma faɗa ne na gaske.

Da rani ya shigo, manomin nan na Kara ya yarda a gwada allon a famfonsa. Yana da albasa a fadama, irin ya fito yana jiran dashe. Muka cire tsohon abin da yake kunnawa da hannu, wanda dama ya fara ci da wuta, muka ɗaura namu. Allon ya tashi lafiya, famfo ya fara zuba, amma kafin a cika bokiti sai ya tsaya cak. Muka sake kunnawa, haka. Muka kwance muka dawo da shi Gwarzo.

Ban daɗe ba na gano dalili. Kanel yana da wata ɗabi'a: in ya gama tashi, sai ya duba hanyoyin wutar da ke kunne, duk wadda babu sashen da ya ce yana amfani da ita sai ya kashe ta don a tanadi batir. Hanyar da ke ciyar da ma'aunin ruwa tana cikin waɗanda matata ba ta kai ga rubuta musu mai su ba. Na ce, "Baba, abu ne mai sauƙi. Layi ɗaya za mu ƙara, mu ce wannan hanyar a bar ta a kunne kullum. Gobe da safe famfo yana aiki."

Ya ce, "Sauran haka ta yi musu?"

"A'a. Sauran ta haɗa kowace da sashen da ke cin ta, shi yake kunnawa in yana so, ya kashe in ya gama."

"To haka za a yi wa wannan."

Na ce hakan zai ɗauki lokaci, sai an taɓa direban ma'aunin shi ma, kuma irin albasa ba ya jira. Na ce a sa layin yanzu, daga baya a gyara. Ya ce duk abin da aka ce daga baya, shi ke zama har abada. Ya ce in hadari ya rufe rana kwana da kwanaki, wannan 'yar hanyar da nake rainawa ita za ta tsotse batir. Na ce yanzu rani ne. Ya ce ba zai ɗora ƙyalle a kan ɗinkinta ba.

A nan na ɗago kai na dube shi, abin da ban taɓa yi ba. Na ce, "Baba, ita ta tafi. Albasar mutane kuwa tana nan da ranta."

Bai motsa ba. Goggo da ke tsakar gida ta daina daka.

Ya ce, "Ka gama?"

Na ce na gama. Ya tattara allon da kwamfutar ya shige uwar ɗaka ya rufe ƙofa. Na sa takalmina na kama hanyar Kabo. Asabar ta zo ban je ba, wata ta zo ban je ba. Na kira manomin na ce ya nemi aron injin fetur. Ya samu, amma ba kullum ba, domin lokacin kowa nasa yake nema. Fiye da rabin irin ya ƙone.

Abin da ya biyo baya a bakin manomin na ji shi. Baba ya ƙarasa gyaran shi kaɗai, da yatsansa ɗaya. Ya hau acaɓa ya tafi Kara, ya ɗaura allon, famfo ya zuba bai tsaya ba. Sai ya je ya tsaya a kan fangalin da ya bushe, ya daɗe yana kallo. Ya cire takalmi ya durƙusa a gaban manomin, wanda a haife Baba ya haife shi, ya ce, "Taurin kaina ne ya jawo maka wannan. Ka yafe mini." Washegari ya dawo da damin irin albasa da ya samo a Gwarzo, ya naɗe ƙafar wando ya shiga dashe da su har azahar. Manomin ya ce sun yi sun yi ya fito, ya ƙi.

Da la'asar ɗin ranar aka yi sallama a ƙofar gidana a Kabo. Na fito na gan shi tsaye, rigarsa duk laka. Tunda aka ɗaura aurena da 'yarsa bai taɓa taka gidan ba. Na zube ina gaishe shi, na ce ya shigo, ya ce a'a, nan ma ya isa.

Ya ce, "Maganar da ka faɗa rannan, gaskiya ce." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ka zo ka ga yadda abin ya zauna."

Na je na gani. Ya zauna da kyau. Da damina ta zo aka jera kwanaki babu rana, batirin bai mutu ba. Bai taɓa tuna mini ba, ni ma ban taɓa tuna masa albasar ba.

Shi ne ya sa na sake aure. Na yi shekaru ina kaucewa. Rannan muna cikin aiki, bai ɗago daga kan mita ba, ya ce, "Gidan da babu hayaƙi ba gida ba ne. Ni na tsufa, zan iya. Kai ba ka kai ba." Na ce ina nan lafiya. Ya ce, "Ba tambayarka na yi ba." Da aka samu yarinyar kirki a Kabo, aka rasa wanda zai karɓa mini aure, domin mahaifina ya daɗe da rasuwa, ƙannensa kuma suna nesa. Baba ya sa babbar rigarsa, ya zo ya zauna a gaban jama'a, ya nema mini auren wata da bakin da ya taɓa ba ni tasa 'yar. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Da aka shafa fatiha ya ƙi tsayawa cin abinci, ya ce akwai abin da ya bari a kunne. Na raka shi bakin titi. Da motar ta tashi na hango shi ta taga, ya rufe fuskarsa da hannun riga.

Daga nan shi da kansa ya rage mini zuwa. Da ina zuwa har tsakiyar mako, sai ya ce Asabar kaɗai ta isa, amarya tana da haƙƙi. Sauran kwanakin yana ɗakin shi kaɗai. Abokansa na majalisa sun yi ta tsokanarsa har suka gaji suka ƙyale shi. Babu wanda zai yi wa zancen abin da ya gano yau ya gane. Goggo ta ce wani lokaci takan ji shi yana yi wa allon magana ƙasa-ƙasa.

Da direban ya kammala, na gaya masa burin matata: ta so ta aika shi ga masu kula da kanel, mutanen da ke warwatse a duniya, don a shigar da shi cikin asalin manhajar, duk mai irin wannan regileta ya amfana. Ya ce a aika. Muka aika, aka dawo mana da shi da gyare-gyare, cikin gajerun kalmomi marasa gaisuwa. Raina ya ɓaci. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce, "Wannan malamin ba ya ɓata baki. Kuma gaskiyarsa ce a nan." Aka yi ta kai da kawowa har aka shiga wata shekarar. Bai taɓa ganin fuskar mutumin ba, bai san ko yaro ne ko tsoho ba, amma in saƙo ya yi jinkiri sai ya ce, "Allah dai ya sa malamin nan lafiya yake."

A gyara na ƙarshe aka ce mu rubuta sunan marubucin asali a saman rubutun, wurin da muka bari babu komai. Na jawo kwamfutar zan rubuta. Ya ɗora hannunsa a kan nawa. Shi ne karo na farko da ya taɓa ni.

Ya ce, "Bari."

Ya gyara tabarau. Ya nemi harafin farko ya danna, ya nemi na biyu. Sunan da shi ya raɗa mata a kunne, wanda bai sake bari ya fito daga bakinsa ba tun daga ranar suna. Da ya gama ya zauna yana kallonsa. Sai na ji ya karanta shi a fili, a hankali, kamar mai kiran wanda ke barci a ɗakin kusa. Na tashi na fita. Na je bayan gida na tsaya wajen akuyoyin har na ji ya buɗe ƙofa.

An karɓi direban. Saƙon da ya zo layi ɗaya ne. Ya sa na karanta masa, ya karanta da kansa, ya fita tsakar gida ya gaya wa Goggo. Ta ce, "Alhamdu lillahi. To, za su zo su gaishe ka?" Ya ce a'a, ba sa zuwa. Ya sa hula ya fita majalisa, na bi shi a baya. Ya tarar ana gardama a kan taki. Ya zauna, ya buɗe baki sau ɗaya, wani ya riga shi. Har aka kira magariba bai faɗa ba.

Na ɗauka zai samu sauƙi bayan nan. Asabar ta gaba na tarar ya share teburin tas, ya jera alluna a kwali. Muka gaisa. Sai ya ce, "Babu wani abin da ta bari?"

Na ce, "Babu, Baba. Shi ke nan."

Ya ce, "To."

Na riƙa kawo masa wasu alluna daga wurin aiki, ina cewa sun gagare mu. Yakan karɓa da godiya, ya duba, ya nuna mini inda matsalar take, ya miƙo mini. Ba ya cewa a bar masa su kwana. In famfon wani ya tsaya yana zuwa, amma in ya dawo sai ya zauna a zaure yana kallon titi. Ya rame. Asabar ɗinmu ta koma zaman shiru, ni a ƙarshen benci, shi a kujerarsa, kuma ban taɓa jin shirun ya yi mini nauyi ba.

Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, na 'yan kwanaki. Ya hana a gaya mini, wai matata ta kusa haihuwa, kada a tayar mini da hankali. Da hantsi ya cika. Ina Kano aka kira ni, kafin in iso an gama wanka.

Bayan sadakar bakwai dangi suka shiga zaure maganar gado, na tashi na ba su wuri. An yanke cewa Goggo za ta koma wajen ɗanta a can ƙasar Katsina, a rufe gidan kafin a ga yadda za a yi da shi. Ranar tafiyarta na zo na taya su ɗaura kaya. Da aka gama, ta ce a dakata. Ta dogara sandarta ta zo inda nake tsaye, na durƙusa.

Ta ce, "Ɗan nan, akwai saƙonka a wajena, amma rabi ne. Da safen ranar da ya rasu ya kira ni, ya ce, 'Yaya, ki ce wa yaron nan...' sai tari ya sarƙe shi. Na ba shi ruwa, na zauna ina jira. Na ce, in ce masa me? Ya dube ni, sai ya kama salati." Ta goge ido da bakin mayafi. "Na yi ta tunani ko in ƙarasa maka da wata magana mai daɗi. Amma ban san me zai ce ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba."

Na ce, "Na gode, Goggo. Hakan ma ya isa."

Aka kama ta aka sa a mota. Ɗan ƙaninsa ya datse kwaɗo a ƙofar, ya jijjiga shi ya tabbatar ya kama, ya ba ni hannu ya ce sai wata rana. Motar ta bi ta bayan masallaci ta ɓace. Na daɗe tsaye a gaban gidan, babu wanda ya tambaye ni me nake jira.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka shi kaɗai, kamar yadda ya daɗe yana zaune. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka haɗa shi da 'yarsa a inda zai kira ta da sunanta ta amsa. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani.